Rigimar Kwangila Daga Kan Takarda Take Farawa

A shekarar 2011 wani kwamiti da Shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya miƙa rahoton da ya isa ya hana duk wani ma'aikacin ayyuka barci. Kwamitin ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da aka fara ba a gama ba, ya kuma ce sai an kashe naira tiriliyan 7.78 kafin a kammala su, kuɗin da ya zarce dukan kasafin tarayya na waccan shekarar. Da labarin ya fita, bakin mutane ya zo ɗaya a tasha da majalisar unguwa da gidan rediyo: sata ce. Ba na musu, akwai sata, kuma na ga irinta da idona. Amma ni da na ƙare ƙuruciyata ina ƙididdigar siminti da rodi da burji a ma'aikatar ayyuka ta wata jiha a Arewa, daga baya kuma na riƙa zama a teburin sasanta gwamnati da 'yan kwangila, na san wata ƙofar da aiki ke bi ya mutu ko da ba a ɗauki sisi ba. Ita ce a sa hannu a yarjejeniya alhali ɓangare ɗaya ya san abin da ɗayan bai sani ba, ko kuma, abin da ya fi yawa, dukansu biyun ba su sani ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke hukunci a kan irin wannan. A mazhabar Malikiyya ciniki ba ya inganta sai an san kuɗin, an san abin da ake saya, an kuma tabbata za a iya miƙa shi. In babu haka ya zama garari. Bahaushe ya kira shi cinikin biri a sama. Tarihin bayar da kwangilar gine-gine a Najeriya tarihi ne na ƙoƙarin sauko da birin nan ƙasa kafin a yi ciniki. An yi rabin aikin, saura rabin da ya fi wuya.

Abin da muka tarar

Manyan da suka koya mana aiki a farkon shekarun 1980 yawancinsu ko dai 'yan PWD ne, wato sashen ayyuka da aka gada daga Turawa, ko kuma 'yan sashen ayyuka na En'e. A zamaninsu aiki mai yawa hukuma ce ke yi da kanta. Safiyonta ya auna, injiniyanta ya zana, heluma ya tara leburori, sito ya ba da kaya. Wanda ya zana hanya shi ne zai dawo ya gyara ta bayan damina, don haka ya san inda ruwa ke kwanciya da inda ƙasa ke cin kwalta. Ɗan kwangilar gida ƙaramin aiki ake ba shi, ajin makaranta ko ɗakin shan magani ko kawo tsakuwa, in kuma saɓani ya shiga, injiniyan lardi ya kira shi ofis a kashe magana kafin la'asar. Zamanin yana da nasa aibin, domin aikin tilas da aka shimfiɗa wasu hanyoyi da layin dogo da shi ba abin alfahari ba ne. Sai dai rigimar "ba a faɗa mini ba" ba ta da yawa, saboda duk abin da aka sani game da aiki yana ƙarƙashin rufi ɗaya.

Babu wata dokar majalisa ta musamman a kan kwangila a lokacin, kuma haka aka zauna har 2007. Abin da ake bi shi ne littafin ƙa'idojin kuɗi, da takardun umarni da ma'aikatar kuɗi ke fitarwa jefi-jefi, sai kwamitocin tanda, wato na takarar neman kwangila. Takardar umarni kuwa, wanda ya rubuta ta yana iya jingine ta duk ranar da ta tsaya masa a hanya.

Da kuɗin mai ya zo

Farashin mai ya ninka har sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, jihohi kuma suka tashi daga 12 zuwa 19 a 1976. Kowace sabuwar jiha tana son sakatariya da asibiti da gidajen ma'aikata da hanyoyi, kuma jiya take so. Injiniyoyin gwamnati ba su kai ba. Daga nan aikin ya rabu gida uku: kamfanin masu ba da shawara ya zana, ɗan kwangila ya gina, ma'aikata ta biya. Kowanne ya riƙe guntun abin da ya sani a aljihunsa.

Babu abin da ya nuna illar wannan kamar badaƙalar siminti ta 1975. Kamar yadda wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta lissafa a 1981, Najeriya ta ƙulla kwangiloli 109 da kamfanoni 68 don sayen siminti fiye da tan miliyan 16, a kan kuɗin da ya kusa dala biliyan ɗaya, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, kowanne yana cin kuɗin jira a kullum, siminti yana daskarewa a cikin wasunsu. Masu ba da oda ba su tambayi masu tashar ba, kuma sun ɗauka yawancin kamfanonin ba za su iya kawowa ba, sai ga shi sun kawo. Shekaru aka kwashe ana jan Najeriya da Babban Bankinta a kotunan Ingila da Amurka da wasu ƙasashen Turai. Tambaya ɗaya tsakanin ofisoshi biyu na gwamnati ɗaya da ta rage wannan asara.

Misali na biyu ya fi zafi, domin jini aka zubar. An gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin. Manoman da aka tasa da waɗanda aka baje gonakinsu don shimfiɗa hanyoyin ban-ruwa sun yi ta kuka a kan yadda aka auna diyya, da yadda aka sake raba filaye, da damunan da suka wuce ba su yi shuka ba. Suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta, aka kashe mutane da dama. Darasin da muka ɗauka, mu masu aikin, shi ne kwangilar gwamnati ba ta mutum biyu ba ce. Akwai na uku, mai gonar da aikin zai bi ta kanta, kuma shi ne aka fi bari a duhu.

Yadda ake yi a lokacinmu

Bari in kwatanta yadda kwangilar hanya take fita a shekarun soja. Gwamna ya kai ziyara wani gari, sarki ya roƙi hanya, gwamna ya ce an ba ku. Washegari babban sakatare ya kira daraktan ayyuka ya ce ana son ƙiyasi kafin ƙarshen mako. A shiga mota a bi hanyar ana kallon mitar mota don a san tsawonta, a ƙirga rafuka da ido, a dawo ofis a ɗauko takardar ƙididdigar wata tsohuwar hanya a sauya suna da lambobi. Gwajin ƙasa kuwa sai a rubuta cewa za a yi idan aiki ya kankama.

Na ga ƙarshen irin wannan a wata hanya da ta ratsa fadama mai baƙar laka, irin wadda mutanen Barno ke kira firgi. Da rani takan bushe ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa ciki, da damina kuma ta kumbura ta ɗaga duk abin da aka ɗora mata. Ranar da safiyo ke kafa turaku, wani dattijo ya taso daga gindin tsamiya ya zo ya tsaya yana kallo. Can ya ce, "Samari, nan za ku bi da ita?" Aka ce masa nan ne. Ya nuna wani tudu da sandarsa ya ce, "Mu dai tun kakanni can muke zagayawa da jakuna. Nan in Agusta ta yi, ruwa har ƙugu." Aka yi masa godiya, aka ci gaba da kafa turaku, domin zane ya riga ya fito daga hedikwata, kuma babu wani gurbi a fom da aka tanada don maganar dattijo.

Da katafila ta kankare saman ƙasa, sai ɗan kwangila ya zo ofis da hularsa a hannu. "Ranka ya daɗe, abin da na tarar ba shi aka rubuta mini ba. Sai an kwashe lakar nan an cike da burji, burjin kuma babu shi a kusa, sai tifofi sun yi nisa." Darakta ya ce, "Alhaji, ai ka sa hannu cewa ka ziyarci wurin ka gamsu." Alhaji ya ce, "Yallaɓai, na ga sama, ban ga ƙasa ba." Dukansu gaskiya suka faɗa. Aka yi ta musayar wasiƙu, damina ta zo ta tafi da abin da aka fara, gwamnan ya sauka, wanda ya gaje shi ya ce ba aikinsa ba ne. Kuɗin gwajin ƙasar da aka ƙi kashewa bai kai kuɗin lauyoyin da aka biya daga baya ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan kwangila da yawa sun gano cewa zane maras kyau riba ce. Mai wayo yakan karanta takardar ƙididdiga ya hango inda aka yi ƙwauron adadi, misali fasa dutse ko cike rami, sai ya tsawwala farashin wannan layin, ya karya na sauran don jimillarsa ta fi ta kowa sauƙi. Ya ci tanda a matsayin mai araha, ya dawo ya mayar da kuɗinsa ta hanyar neman ƙari. A bakinmu wannan ƙari shi ne bariyeshan, kuma akwai lokacin da kalmar ta fi kwangilar kanta daraja.

Sai kuma 1986 ta zo da shirin tsuke bakin aljihu. A watan Satumba aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, dala ta tashi daga ƙasa da naira biyu zuwa wajen huɗu. Duk kwangilar da aka rubuta da tsayayyen farashi, ba tare da sharaɗin abin da za a yi in kaya sun tashi ba, ta zama gawa. Kangwayen asibitoci da makarantu da yawa da ake gani a garuruwanmu 'ya'yan wannan lokacin ne.

In ka tattara rigingimun da na gani, wuri huɗu suke fitowa. Ƙasa: me ke ƙarƙashin wurin, laka ko dutse ko ruwa ko bututun hukumar ruwa da ba ya kan kowace taswira. Zane: an gama shi ko kuwa ana gini ana zanawa. Fili: an biya diyya an miƙa shi, ko kuwa ɗan kwangila zai iso da injuna ya tarar da gero ya yi kai. Kuɗi: suna nan a ware, ko kuwa suna cikin jawabin gwamna ne kawai. Duka huɗun gwamnati ce ke da ikon sani kafin ta buga tanda.

Abin da wasu suka yi

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai, kuma wasu sun riga mu neman magani. Ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, ta fitar da littafin sharuɗɗan kwangila na farko a 1957, kuma irinsa ake amfani da shi a manyan ayyukan da Bankin Duniya ke ba da rance. Bugun 1999 ya wajabta wa mai aiki ya miƙa wa masu neman kwangila duk bayanin da ke hannunsa game da ƙarƙashin ƙasa da ruwa. Ya ce in ɗan kwangila ya tarar da yanayin da gogaggen ma'aikaci ba zai iya hangowa ba, yana da haƙƙin ƙarin lokaci da kuɗi. Ya kuma ɗaure shi da cewa ya ba da sanarwa cikin kwana 28, in ba haka ba haƙƙin ya faɗi. Hikimar a fili take: in ka gaya wa mutum cewa duk abin da ya fito daga ƙasa wuyansa ne, ko dai ya cusa kuɗin tsoro a farashinsa, ko ya yi shiru ya zo ya yi rigima daga baya.

A Amurka, a aikin haƙa ramin hanya na Eisenhower da ke jihar Kolorado a 1975, aka gwada naɗa kwamitin ƙwararru tun ranar farko, suna ziyartar aiki a kai a kai, suna raba gardama tana ɗanya. Daga baya Bankin Duniya ya sa wannan a sharuɗɗan manyan ayyukansa. A Ingila kuma, bayan rahoton Michael Latham na 1994, dokar 1996 ta ba kowane ɓangare damar kai saɓani gaban mai raba gardama wanda zai yanke hukunci cikin kwana 28, a bi hukuncin aiki ya ci gaba, wanda bai gamsu ba ya je kotu daga baya. Mu a nan mun ɗauko littattafan. Abin da na sha gani shi ne a zo kan shafin da ya ɗora wa gwamnati nauyi a goge shi, a bar wanda ya ɗora wa ɗan kwangila.

Zamanin bin ƙa'ida

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, gwamnatin Obasanjo ta gayyaci Bankin Duniya ya binciki yadda ake sayayya da bayar da kwangila. Daga wannan binciken ne aka sami adadin da ake yawan ambatawa, cewa a kowace naira ɗaya da gwamnati ta kashe, kwabo 60 na bin iska. A 2001 aka kafa ofishin sa ido kan kasafi da farashi a fadar shugaban ƙasa, wanda kowa ya fi sani da Due Process, Oby Ezekwesili ta jagorance shi. A ranar 4 ga Yunin 2007, kwanaki kaɗan bayan rantsar da shi, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a dokar bayar da kwangila, wadda ta haifi hukumar BPP.

Duk wanda ya ce dokar ba ta sauya komai ba bai ga yadda ake yi kafin ta ba. Ta ce kada a ba da kwangilar da babu kuɗinta a kasafi. Ta ce a tallata aiki a jaridun ƙasa akalla biyu, a ba da mako shida. Ta ce a buɗe tanda a bainar jama'a, a gayyaci masu sa ido daga ƙungiyar ƙwararru da ta farar hula. Ta ƙayyade kuɗin somin-taɓi a kashi 15 cikin ɗari, wanda aka ɗaga zuwa 30 a gyaran 2020. Ta ce in an jinkirta biyan ɗan kwangila fiye da kwana 60 bayan ya miƙa takardar shaidar aiki, sai an ƙara masa kuɗin jinkiri. Ta ba wanda ya faɗi damar ya nemi a gaya masa dalili, ya kai ƙorafi ga shugaban ma'aikata cikin ranakun aiki 15, daga nan zuwa BPP, daga nan zuwa Babbar Kotun Tarayya. Ta kuma ce a adana takardun kowace kwangila shekara 10.

Ranar da na fara ganin buɗe tanda a sabon tsari ba ta fita raina. Akwatin ƙarfe a kan tebur da kwaɗo biyu, maɓallan a hannun mutum biyu. Ɗaki cike da wakilan kamfanoni, kowa da biro da takarda. A ɗaga ambulan a nuna cewa ba a taɓa ta ba, a yage, a karanta sunan kamfani da farashinsa da ƙarfi, kowa ya rubuta. Wani tsohon ɗan kwangila da ke kusa da ni ya karkato ya ce, "Injiniya, yau na fara jin kuɗin abokin takarata da kunnena." A da sai dai ka ji a gari cewa wane ya samu.

Inda dokar ba ta kai ba

Sai dai duk wannan haske a kan tambaya biyu ya sauka: wa ya samu, kuma nawa. Tambayar me aka saya tana nan inda take. Ana iya bin kowace ƙa'ida, a yi talla, a buɗe akwati a gaban 'yan jarida, a sami takardar amincewar BPP, alhali zanen da aka yi takarar a kansa rabi ne, ba a haƙa rami ko ɗaya don gwajin ƙasa ba, ba a kuma biya mai gona ba. Kamfanoni goma su yi takara ta gaskiya a kan takardar da ba ta faɗi gaskiya ba. Tun da doka ta ce mai mafi ƙarancin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa shi ke ci, sau da yawa wanda ya fi kowa rashin fahimtar aikin, ko wanda ya fi kowa shirin dawowa neman ƙari, shi ke tafiya da shi.

Dubi hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375. A Disambar 2017 aka ba Julius Berger ita a kan naira biliyan 155 a matsayin gyara. A Maris ɗin 2021 majalisar zartarwa ta amince a mayar da aikin sabon gini gaba ɗaya, kuɗin ya koma biliyan 797. A Nuwambar 2024 ma'aikatar ayyuka ta soke abin da ya rage na ɓangaren Abuja zuwa Kaduna bayan an kasa daidaitawa a kan farashi. Ba ina ɗora wa kowa laifi ba ne. Abin lura shi ne sai da aka shekara uku da ba da aiki kafin a tsayar da ainihin irin aikin da hanyar ke buƙata, matafiya kuma su suka biya da lokacinsu da motocinsu da rayukansu.

Dubi kuma tashar lantarki ta Mambila a jihar Taraba. Tushen shari'ar da kamfanin Sunrise ya shigar a kotun sasanci ta Faris a 2017, yana neman fiye da dala biliyan biyu, wata wasiƙar ba da kwangila ce ta watan Mayun 2003, da gardamar ko majalisar zartarwa ta amince da ita ko ba ta amince ba. Har sai da tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Obasanjo da Buhari, suka ba da shaida a Janairun 2025. Tambayar da ya kamata fayil ɗaya ya amsa ta ci fiye da shekara 20, Mambila kuwa ba ta haska ƙwai ko ɗaya ba.

Maganar kuɗi ma ba ta warke ba. Sa aiki a kasafi daban, sakin kuɗin daban. Aikin shekara uku a ware masa abin da bai kai kashi goma ba, ɗan kwangila bai san yaushe za a biya shi ba, injiniyan da ke duba shi ma bai sani ba. Da aka cire tallafin mai aka saki naira a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, buhun siminti ya wuce naira 10,000. Abin da ya faru a 1986 ya maimaita kansa, kuma kwangilolin da suka tsira su ne waɗanda aka rubuta musu ma'aunin sauyin farashi tun farko.

Sabbin idanu

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa a shekarun nan daga wajen ma'aikata ya zo. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya nemi takarda, a ba shi amsa cikin kwana bakwai. Najeriya ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati a 2016, BPP ta buɗe shafin NOCOPO na wallafa kwangiloli a intanet. Ƙungiyoyi sun fito da dandaloli irin su Budeshi da Tracka, matasa suna ɗaukar kasafi su je ƙauye su duba ko rijiyar burtsatsen da aka rubuta tana nan. Jihar Kaduna ta yi tata dokar kwangilar a 2016, ta kuma samar da hanyar da mutane za su aiko da hoton aiki ta waya. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda ya fara a 2018 da dala miliyan 750, ya riƙa ba jihohi tukuici in sun yi dokar kwangila sun kuma wallafa waɗanda suka bayar. Hukumar ICPC ta fara bin diddigin ayyukan mazaɓu a 2019 tare da masu ƙiyasin kuɗin gini. A 2023 kuma aka sami sabuwar dokar sasanci da sulhu da ta maye gurbin ta 1988.

Amma ka buɗe mafi yawan shafukan nan ka gani. Za ka sami sunan aiki, sunan kamfani, kuɗi da kwanan wata. Da wuya ka sami rahoton gwajin ƙasa, ko zanen ƙarshe, ko jerin waɗanda aka biya diyya, ko adadin ƙarin da aka amince da shi bayan sa hannu da dalilinsa. Waɗannan kuwa su ne takardun da ake ɗaukowa ranar da aka zauna gaban mai sasanci.

Abin da ya rage a yi

Tun ran gini ran zane. Gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma, yana buƙatar gwamna ko minista da zai haƙura da bikin kafa harsashi na wata shida. Kada a buga tandar babban aiki sai an gama zane, an yi gwajin ƙasa, an biya diyya, an kuma bayyana yadda kuɗin zai riƙa fita shekara-shekara. A miƙa wa duk masu takara rahoton ƙasar yadda yake, a rubuta a yarjejeniya cewa wannan shi ne abin da aka yi farashi a kansa, abin da ya saɓa masa ga yadda za a raba nauyinsa. A kai su wurin aikin rana ɗaya, a zauna da mai unguwa da manoma, a rubuta abin da suka faɗa game da ruwa da maƙabarta da burtali a sa a cikin takardun tanda. Tambayar da kamfani ɗaya ya yi, a aika amsarta ga kowa a rubuce. Da aiki ya fara, a riƙe littafin wurin aiki kullum, injiniya da ɗan kwangila su sa hannu tare, kuma duk umarnin baki a mayar da shi rubutu kafin rana ta faɗi. A naɗa masu raba gardama tun ranar sa hannu, kada a jira sai an daina gaisawa.

Ga mai karatu kuma, in ka ga an kafa allon sabon aiki a garinku, kada ka tsaya a tambayar wa aka ba da nawa aka ba shi. Rubuta wa ma'aikatar ka nemi rahoton gwajin ƙasa, da zanen da aka amince da shi, da jerin diyya, da abin da aka ware wa aikin a kasafin bana. In sun kawo maka huɗun, akwai alamar za ka hau hanyar. In sun kasa, to ka sani rigimar ta riga ta fara, ko da katafila ba ta iso ba.